Wai ina arzikin ma'adinan da ake ta faɗa mana?

Tambaya daga wani manomi a ƙaramar hukumar Doguwa: Malam, kullum sai a ce ƙasarmu cike take da ma'adinai, ga kuzar Riruwai nan a gefenmu, to wai me kwal da sauran ma'adinai suke tsinana wa tattalin arzikin Najeriya?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya a yanzu kaɗan ne, an yi shekara da shekaru duka haƙar ma'adinai, ban da fetur, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da ƙasar nan ke samarwa ba. Amma da ba haka abin yake ba. A 1909 aka gano kwal a yankin Enugu, da shi jiragen ƙasa suke tafiya, kuzar Jos kuwa har Ingila ake kai ta, kakanninmu da yawa daga ƙasar Kano can suka je cin rani suna aikin haƙa. Sai aka samu fetur a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa suka koma dizal, gwamnati ta juya baya, ramukan Enugu suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Inda ma'adini ke da amfani sosai shi ne in an sarrafa shi a gida. Duba siminti, kamfanin Ashaka a Gombe da kwal ɗin Maiganga yake ƙona dutsensa, ga aikin yi ga haraji ga buhun da muke gini da shi, amma zinare da kuza yawanci ɗanyensu ake fitarwa ta bayan fage, dillali ya saya a hannun yaranmu da araha ya kai waje ya sayar da tsada, baitulmali bai ga komai ba, ƙauyen kuma a bar shi da ramuka a gonaki. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a jihar Kogi da aka gina don ta narka taman Itakpe har yau ba ta fara aikin ba, wannan kam yana ci min rai wallahi.

A dokar ƙasa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin gonarka na gwamnatin tarayya ne, lasisi daga Abuja yake fitowa, don haka in matasanku za su shiga harkar su haɗu su yi ƙungiya su nema, hakan ma ya fi ba su bakin ciniki da dillalai. Kuma don Allah kar a kawo dutsen ma'adinin cikin gida a daka, a Zamfara a 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400.