Ginin firamaren da unguwa za ta mora

Malam, ka tambayi yadda za ku tsara sabuwar firamarenku ta amfani unguwa baki ɗaya, ba yara kaɗai ba. Ni dai zafi nake fara dubawa. Aji mai kwano dab da kai, ƙarfe goma sha biyun watan Afrilu, tanda ce.

Dubi makarantar ƙauyen Gando a Burkina Faso, wadda masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya kammala a 2001. Azuzuwa uku ne na bulon ƙasa, aka ɗaga kwanon sama bisa sandunan ƙarfe, iska na ratsawa tsakaninsa da silin tana kwashe zafi. Tsakanin aji da aji akwai rumfa mai inuwa. Mutanen ƙauyen da hannunsu suka gina ta, shi ya sa gyaranta bai fi ƙarfinsu ba.

Sannan ku tuna, a wajenmu firamare ba ta hutawa: Islamiyya da yamma, yaƙi da jahilci da dare, ranar zaɓe rumfar ƙuri'a. Ku ware aji ɗaya mai ƙofa ta waje, don kada a buɗe makarantar duka. Famfo kuma ya zauna bakin katanga, mata su ɗebi ruwa ba sai sun shiga fili ba.