Amsa ga yaron da ke son kama gola a ƙasar waje

Ɗana, ka tambaye ni yadda mai tsaron gida daga Garwa ta Kamaru zai samu ƙungiya a Turai. Maganar tsayuwa da faɗuwa da fita kan kwana ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya ajiye safar hannu. Na kula ka ne don tambayar ta fama mini tsohon miki.

Akwai yaron da na rena tun yana tare ƙwallo a rairayin Binuwai ba takalmi. Dogo ne, ga ido, ga zuciya, ban taɓa horar da kamarsa ba. Saura kaɗan in kai shi gwaji Coton Sport, babbar ƙungiyar Garwa, sai ga wani dillali da kwat da takarda mai hatimi, wai wata ƙungiya a Turkiyya na neman gola. Na ce ya kira ƙungiyar a gabana, ya ce ba a yin haka. Da ya ga ba zan ba shi fuska ba, ya zaga ta bayana ya sami uban yaron. Na je har gida na ce, Alhaji, ƙungiyar da ke son ɗanka ita ke biyan jirgi da masauki, kada ka ba da ko dala. Aka ce hassada nake. Ni! Dattijo ya sayar da shanu, ya jinginar da gonar auduga. Bizar yawon buɗe ido aka yi wa yaron. Aka sauke shi a wani otal a Istanbul, dillalin ya ce zai je ya dawo, wayarsa ba ta sake shiga ba. Ko ƙofar filin horo yaron bai gani ba. Biza ta ƙare, ya koma dako yana ɓuya daga 'yan sanda, lokacin da ya dawo gida jiki ya riga ya mutu. Yau acaba yake yi. Idan na hango shi a titi, wallahi raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu bidiyon minti biyu a Facebook kuke ɗauka shi ne aiki. Thomas N'Kono, tsohon golan Kamaru, sai da ya ci kofunan Afirka da Canon ta Yawunde, ya je Kofin Duniya na 1982, sannan Espanyol ta Sifaniya ta ɗauke shi. André Onana, shi ma gola ɗan Kamaru, ya shiga makarantar Barcelona a 2010, ya koma Ajax a 2015, kafin Inter da Manchester United. Shi ɗin ma ƙwaya ɗaya da ya sha bisa kuskure ta jawo masa dakatarwar wata 9 a 2021, don haka ko maganin ciwon kai kada ka haɗiya sai likitan ƙungiya ya gani.

Ka kuma sani gola ɗaya tak ke shiga fili. Ɗan gaba ana sako shi minti goma, kai kuwa kana iya cinye kaka guda a benci cikin sanyi. Dokar FIFA ma ta hana a kai ka ƙungiyar waje kafin shekara 18, sai da wasu 'yan dalilai da ba su shafe ka ba.

Ka fara ƙwace matsayin gola lamba ɗaya a nan, a gan ka a filin wasanmu na Roumdé Adjia. Duk wanda ya zo maka da takarda, ka kawo mini ita kafin mahaifinka ya ji labari.