Tambayi Likita: An Warke Daga Korona, Suga Ya Ƙi Zama

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya daɗe da ciwon suga, ƙwayoyi kawai yake sha. Korona ta kwantar da shi a asibiti, aka sallame shi da allurar insulin. Yau wata huɗu ke nan, suga ya hau yau ya faɗi gobe, har yana karkarwa da zufa, ga kasala kullum. Ko cutar ce ba ta fita daga jikinsa ba?

Amsa: Wa alaikumussalam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A bayaninku, karkarwa da zufar nan su suka fi damunmu, domin alama ce ta faɗuwar suga, kuma a jikin dattijo tana iya yin lahani cikin ɗan lokaci.

Ga yadda abin yakan faru. Lokacin da jiki ke fama da korona, kumburin da cutar ke haddasawa yana sa jiki ya ƙi jin insulin. Sannan masu ƙarancin iskar oksijin ana ba su dexamethasone, miligiram 6 kullum har kwana 10, maganin da gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a 2020 cewa yana ceton rai, amma yana ɗaga suga sosai, musamman daga azahar zuwa dare. To, bayan an daina maganin, kumburi ya lafa, buƙatar insulin sai ta ragu. Idan Baba na nan kan adadin da aka yanka masa ranar sallama, mai yiwuwa ya yi masa yawa yanzu. Kada ku rage da kanku. Ku yi kwana 7 kuna awo da safe kafin ya ci komai, da awa 2 bayan abinci, da kafin barci, ku rubuta lamba da lokaci, ku kai wa likitansa. Ga yawancin manya ana son 80 zuwa 130 mg/dL (ma'aunin da na'urar awon suga ke nunawa) kafin ci, ƙasa da 180 bayan ci, amma ana sassauta wa tsofaffi. Duk lokacin da ya sauka ƙasa da 70, a ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, wajen giram 15, a sake awo bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti.

Kasalar kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu doguwar korona ne idan alamun sun kai wata 3 daga kamuwa, sun ɗauki aƙalla wata 2, kuma babu wata cutar da za a jingina wa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi mutane ke mantawa. Korona tana taɓa jijiyoyin jini da ƙoda da zuciya, wuraren da suga ya riga ya raunana. Don haka a yi masa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, da na furotin a fitsari da kiriyatinin a jini, masu nuna lafiyar ƙoda, a duba ƙarancin jini da hawan jini da bugun zuciya. Ƙodar da ta yi rauni ba ta saurin fitar da insulin, wannan ma yana kawo faɗuwar suga. Tafiya a ƙasa tana da kyau, amma in ya wuni a kwance washegari, to ya zarce ƙarfinsa, a rage.

Tambaya daga wani: Ba ni da suga a da, sai bayan korona aka gano. Zai tafi?

Amsa: Wani bincike kan tsofaffin sojojin Amurka da aka wallafa a 2022 ya samu ƙarin haɗarin kamuwa da suga na kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar da ta biyo bayan korona. Wasu dama suna da shi ba su sani ba, wasu kuma magani da kumburi ne suka ɗaga shi, nasu yakan sauka. A maimaita HbA1c bayan wata 3. Daga 6.5 cikin 100 zuwa sama, suga ne, a ci gaba da magani.

Tambaya: In na sake kamuwa fa?

Amsa: Kada ka daina insulin don ba ka cin abinci, ka dai yi awo duk awa 4 ka sha ruwa sosai. In suga ya haura 240, a gwada kiton a fitsari, wato sinadarin da ke sa jini ya yi tsami in ya taru. Masu shan ƙwayoyin suga na empagliflozin ko dapagliflozin a dakatar da su lokacin zazzaɓi da amai, domin suna iya sa jini ya yi tsami ko da awo bai nuna suga ya hau ba. Maganin suga na metformin ma ana ajiye shi in jiki ya bushe. Ka shirya wannan da likitanka tun kana lafiya, ka kuma tambaye shi lokacin allurar riga-kafinka ta gaba.