Yaushe ake buɗe injin babur na tsere?

Tambaya: Na sayi Yamaha YZ250 na hannu, ina gudu da shi a yashin bayan gari nan Damagaram. Makanikena ya ce kada a taɓa inji sai ya fara ƙara. Haka ne? Daga wani mai karatu a Garin Malam.

Amsa: Ɗan'uwa, shawarar nan ta babur ɗin kabu-kabu ce. Injin tsere da awa ake lissafinsa, ba da kilomita ba, kuma in har ka ji ƙara, ɓarnar ta riga ta auku. Tunda na hannu ne, ba ka san wahalar da ya sha ba, a buɗe kansa yanzu. Daga nan ka ɗaura masa agogon ƙirga awa, ka bi littafin kamfanin.

Idan an zare silinda, duba bangonta da fitila. Layuka a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, aikin ƙura ne. Silindar YZ shafe take da wani ƙarfe mai tauri, ba a kankare cikinta a faɗaɗa ta kamar ta babur Kasea. In shafin ya kwaile, sai sabon shafi ko sabuwar silinda. Sai ka kama sandar piston ka ja sama, ka danna ƙasa. Motsin gefe kaɗan ba laifi, amma in ta yi wasa sama da ƙasa ko yaya, ƙasan injin ma sai an tsaga. A sa sabon piston da zobba, kibiyar kansa ta kalli wajen salansa. Ƙananan maƙallan da ke riƙe fil ɗin piston kuwa, don Allah kada a mayar da tsofaffi. Abu ne mai arha, amma ɗaya in ya fita yakan cinye injin gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna a garinmu shi ne soson tace iska. Lokacin hunturu, in ƙura ta taso, a wanke shi bayan kowace fita, ya bushe sarai, a shafa masa mansa, a kuma sa giris a bakin da yake zama. Busasshen soso ba ya tare yashi.

Man 2T kuwa, wato man da ake zubawa cikin fetur, a auna shi, kashi 1 cikin fetur 30 kamar yadda Yamaha ta tsara, ban da kintace da ido. Ka guji fetur ɗin kwalba na bakin hanya. Bayan an mayar da injin an ɗaure, a tayar da shi ya yi zafi ya huce, a yi tafiya a hankali kafin a murɗe masa wuta.