Yadda za ka gane shagon masu nutso abin dogaro ne

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan yadda ake gane amincin shagon da ke kai mutane nutso a ƙarƙashin teku. Ni dai abin da nake fara lura da shi, shin sun nemi katin shaidar horo, irin na ƙungiyoyin horar da masu nutso kamar PADI ko SSI? In ba su nema ba, kuɗinka kawai suke so.

Sai silindar iska. Ranar gwajin ƙarfinta tana buge a wuyanta, kuma duk shekara ake leƙa cikinta. Buɗe kaɗan ka sansana. In ka ji warin mai ko hayaƙi, ajiye ta, injin cikawar ya gurɓata iskar. Tambaye su ko akwai oksijin na gaggawa a jirgin ruwan da zai kai ku, su nuna maka da ido. Mai katin matakin farko na horo kuma, kada su zarce da shi zurfin mita 18.