Cressida ta 1993 ko Camry ta 2005: wacce ta dace da mai iyali?

Wani mai karatu daga Jidda ya rubuto cewa yana da iyali, yana zuwa aiki Makka kullum, kuma an yi masa tayin motoci biyu na Toyota a kan kuɗi kusan ɗaya, Cressida ta 1993 da Camry ta 2005. Yana neman shawarar wadda zai ɗauka.

Malam, ina ganin girman Cressida ƙwarai, domin injinta na 22R mai lita 2.4 yana aiki da kafireta, babu kwamfutar da za ta rikita mai gyara, kuma kowane bakanike a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, ya san cikinsa da bayansa. Sai dai motar ta haura shekara 30, robobinta da wayoyinta sun sha zafin rana, ga iskar teku ta Jidda da ke cin ƙarfe ta ƙarƙashi. Fitilu da kayan jikinta kuwa sau da yawa sai an bi tashlih, wato wuraren sayar da kayan tsofaffin motoci, ana lalube.

Batun mai ma ya sauya. Kafin ƙarshen 2015 litar fetur mai lamba 91 halala 45 ce (halala 100 ke yin riyal ɗaya), yanzu ta wuce riyal 2, kuma mai tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Makka, ya sake dawowa, zai ji bambancin kafiretar Cressida da injektar Camry a aljihunsa tun watan farko.

Saboda haka Camry nake ba ka shawara, amma da sharaɗi mai nauyi. Injinta na 2AZ-FE na alminiyum ne, kuma idan ya taɓa yin zafi fiye da kima, ramukan kusoshin kan injin suna lalacewa, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayansa. Ka je da bakaniken da ka amince da shi da sassafe, kafin a tayar da motar, ya buɗe murfin lagireto da na man inji. Idan ya ga mai ya koma kamar shayi da madara, ka haƙura da ita komai arharta. Bayan haka ku hau titi da na'urar sanyi a kunne, idonka a kan allurar zafi.

Idan ta tsallake wannan gwaji, kada ka biya ko riyal ɗaya sai ka ga takardar fahas, wato shaidar binciken lafiyar mota, mai aiki, ka kuma tabbatar sunan da ke kan istimara, wato takardar rajistar motar, na mai sayarwar ne.