Amsa ga ɗan'uwan da bankinsa ya hana shi bashi duk da daɗewarsa da su

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ga tambayarka, ka ce shekara tara albashinka na shiga banki ɗaya, ka nemi bashin miliyan ɗaya da rabi sun hana ka ba tare da wani gamsasshen bayani ba, alhali abokin aikinka da ya buɗe akawun bara an ba shi, kana tambaya ko sai da hanya ne. Na yi aikin banki a ɓangaren da ke karɓar irin waɗannan takardun kafin in bari in koma kasuwa, to bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Da farko ka cire maganar daɗewa a ranka, wallahi ba ta da nauyin da mutane ke ɗauka. Manajan reshen da kuke gaisawa kullum ma yawanci ba shi ne mai cewa a bayar ko kar a bayar ba, shi dai ya tura, masu tantance bashi suna can hedikwata ba su taɓa ganin fuskarka ba, ƙananan basussukan da ake nema ta waya kuwa ko mutum ba ya gani, na'ura ce kawai ke yanke hukunci cikin minti biyu. Amfanin zamanka tsohon kwastoma ɗaya ne, suna da tarihin shige da ficen kuɗinka a hannu, kuma wannan tarihin zai iya taimakonka zai iya kashe ka. Yawanci na wata shida na ƙarshe ake buɗewa, wani lokaci shekara guda, sauran shekaru takwas ɗin babu mai waiwayarsu.

Abin da ake fara lissafawa shi ne nawa za a iya cira daga albashinka duk wata ba tare da ka durƙushe ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ke sauka a akawun, ba abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba, wasu bankunan sukan ɗan ɗaga zuwa kashi 40 cikin ɗari. Ba ka faɗi albashinka ba, to mu ɗauka N150,000 ke shigo maka. Kashi ɗaya cikin uku N50,000 ke nan. In akwai wani bashi da kake biyan N30,000 duk wata, na babur ne ko na waya ko na wani ƙaramin banki, saura N20,000 kacal suke gani a matsayin ƙarfinka. N20,000 sau wata 24 ya kama N480,000, kuma a cikinsa ne kuɗin ruwa yake, in aka yi lissafi da ruwan kashi 30 a shekara uwar kuɗin da za su iya ba ka ba za ta wuce N360,000 ba. To mutum ya zo ya cike fom ya rubuta miliyan ɗaya da rabi, ka ga ai tun kafin a kai ga halinsa lissafin ya riga ya watse. Abokin aikinka mai yiwuwa albashinku ɗaya amma shi babu mai bin sa ko kwabo, ko kuma abin da ya nema daidai wuyansa ne. Kuma ka tuna ruwa ya yi tsada sosai tun da babban bankin Najeriya, CBN, ya ɗaga ma'aunin ruwansa har kashi 27.5 a ƙarshen 2024, albashin da zai ɗauko maka miliyan a da yanzu ba zai ɗauko ba.

Sai kuma inda na fi zargin matsalarka take, wato rahoton masu ajiye tarihin bashi. Akwai kamfanoni uku masu lasisi a Najeriya, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ga kuma rumbun CBN da ake kira CRMS, kuma dole banki ya leƙa kafin ya ba da ko sisi. Tun da aka kawo BVN a 2014 babu sauran ɓuya, duk inda ka ci bashi da lambarka sai ya fito. Abin da na fi gani da idona a nan arewa shi ne bashin korona na 2020 wanda aka raba ta bankin NIRSAL, mutane da yawa sun karɓa a zaton kyautar gwamnati ce, wasu ma wani ne ya karɓi BVN ɗinsu ya cike musu aka raba kuɗin, yau ga shi zaune a kan sunansu a matsayin bashin da ba a biya ba. Bayan shi sai manhajojin bashi na waya, mutum ya ci N10,000 ya goge manhajar ya ɗauka shi ke nan, alhali da yawansu suna kai rahoto. Akwai wanda ya tsaya wa ɗan'uwa garanto ɗan'uwan ya gudu, akwai wanda ya rubuta cek ya dawo babu kuɗi, akwai ma wanda ya biya tas amma wancan bankin bai gyara bayanan ba. Na'ura ba ta san uzuri ba, jan layi kawai take gani. Abin haushin shi ne ma'aikacin da ke gabanka sau da yawa ba zai faɗa maka ba, sai ya ce "ba ka cika sharuɗɗa ba" ya sallame ka, ni kam ban taɓa ganin hikimar wannan ɓoye-ɓoyen ba.

Dokar da aka yi a 2017 kan rahoton bashi ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka nema ka karanta da kanka. In ka ga bashin da ka riga ka biya, ka koma wurin wanda ya ba ka ka karɓi takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, ka matsa musu su gyara, don ba ya gyaruwa da kansa kuma yakan ɗauki makonni.

Wurin aikinka ma ana auna shi kamar yadda ake auna ka. Kowane banki na da jerin ma'aikatu da kamfanonin da ya yarda da su, ma'aikacin tarayya da ke kan IPPIS, wato tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, ya fi samun sauƙi, wanda ke ƙaramar hukumar da albashi ke zuwa yau 25 ga wata, wani watan sai 10 ga na gaba, wani watan a biya rabi, shi kam sai a hankali ko da mutumin kirki ne. Za su duba ko an tabbatar da kai a aiki, su duba saura shekara nawa ka yi ritaya, tunda aikin gwamnati yawanci shekara 35 ne ko cika 60 da haihuwa, ba za su ba ka bashin da zai wuce ranar ba. Sannan a sa ka kawo takarda daga ofis cewa albashin ba zai koma wani banki ba sai ka gama biya.

A cikin shige da ficen kansa akwai abubuwan da ke ɓata wa mutum suna, babba shi ne tura kuɗi kamfanonin caca, ko N500 ne in yana maimaituwa ana lura. Kwashe albashi gaba ɗaya ranar da ya shigo bai kai wannan muni ba ga ma'aikaci, kowa ya san halin da ake ciki. 'Yan kasuwa da ke cikin guruf ɗin nan ku ne abin ya fi shafa, ciniki na miliyoyi amma rabi tsaba ne a durowa rabi a POS ɗin wani kamfani, akawun ɗin da ake neman bashi da shi kuwa fayau. Kuma don Allah a daina dabarar nan ta juya kuɗi ɗaya tsakaninka da ƙaninka don akawun ya yi nauyi, kuɗi ya shigo da safe ya fita da yamma zuwa wurin da ya fito, yaron da ya fara aiki jiya ma zai gane. Sai ƙananan abubuwa irin sunan BVN ya saɓa da na NIN ko ranar haihuwa ta bambanta, wannan kaɗai na iya tsayar da fayil.

Na san wani zai ce ai bashin ruwa haramun ne, wannan fagen malamai ne kuma kowa ya san matsayinsa, amma ko Jaiz ka je ko TAJ ko Lotus duk wannan binciken sai sun yi, bambancin su ba tsabar kuɗi za su miƙa maka ba, kayan da kake so za su saya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, murabaha ke nan.

Shawarata Malam, kar ka bi bankuna da manhajoji kana ta nema a jere, kowane nema yana barin sawu a rahotonka kuma yana nuna kamar a matse kake. Ka fara ciro rahoton, ka kashe ƙananan basussukan, ka bar albashi ya shigo lafiya wata uku zuwa shida, sannan ka je wurin jami'in da ke kula da akawun ɗinka ka ce ya lissafa maka iya abin da albashinka zai ɗauka kafin ka rubuta adadi. In sun amince kar ka sa hannu sai ka karanta takardar tayin, ka ga kuɗin gudanarwa wanda bai kamata ya wuce kashi 1 cikin ɗari ba, da na inshora, da tarar jinkiri. A ciki akwai takardar GSI, tsarin da ya fara aiki a watan Agustan 2020, in ka sa mata hannu kuma ka kasa biya suna da ikon zarar kuɗin daga duk wani akawun da ke ɗauke da BVN ɗinka a kowane banki, har da na haɗin gwiwa, saboda haka in akwai akawun ɗin da kuka buɗe tare da maiɗakinka ko na wani ɗan'uwa gara ka sanar da su tun yanzu.